Yadda Za Ka Haɗa Wayarka da Kibod Ka Yi Dogon Rubutu a Kanta

Wayar da ke hannunka ta isa a rubuta littafi sukutum a kanta. Ƙarfinta ya zarce abin da rubutu ke buƙata nesa ba kusa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin bugawa. Kibod ɗin da ke fitowa a fuskar waya yana cinye kusan rabin sikirin, ya bar maka 'yan layuka kana leƙe, manyan yatsu biyu kaɗai ke aiki, ido kuma yana can ƙasa yana gadin haruffa maimakon ya bi jimlar da ake ginawa. Ga gajeren saƙo wannan ba komai ba ne. Amma mai rubuta maƙala, ko babin labari, ko rahoton aiki, kafin ya cika shafi biyu zai ji wuya ya ƙage, tunani kuma ya tsinke.

An taɓa auna tazarar. A 2018 masu bincike daga jami'o'in Aalto da Cambridge sun gwada mutum 168,000 a kan kibod na kwamfuta, matsakaicin gudunsu ya kama kusan kalma 52 a minti. A 2019, tare da jami'ar ETH Zurich, aka gwada mutum 37,000 a kan waya: kusan kalma 36 a minti, masu bugawa da manyan yatsu biyu kuma 38. Da Ingilishi aka yi gwajin, harshen da waya ta fi iya gyara wa mutum kuskure a cikinsa. Duk da haka tazarar ba ta kai yadda ake zato ba, shi ya sa ban ɗauki sauri a matsayin babbar ribar kibod ba. Ribar da na fi gani ita ce sikirin ya dawo naka gaba ɗaya, ka ga sakin layi biyu ko uku a lokaci guda, ka koma baya ka gyara kalma ba tare da dungurin gilashi ba, jikinka kuma ya jure dogon zama. Sai dai sayen kibod kaɗai ba ya kawo wannan. Akwai saiti da sai an gyara, musamman ga mai rubutu da Hausa, kuma a nan ne mutane da dama ke karaya su jefa kibod ɗin cikin durowa.

Mataki na 1: Waya mai kibod a jiki, ko kibod daban?

Hanya biyu ce. Ta farko, wayar da aka ƙera da maɓallanta a jiki. Wannan tsohon tsari ne: Nokia 9000 Communicator ta fito a 1996, wayar Android ta farko da aka sayar, HTC Dream ta 2008, kibod ne da ita da ake zamewa, BlackBerry kuwa da maɓallanta ta yi suna. Har yanzu akwai masu kewar su, kuma da gaskiyarsu, domin yatsa yana jin inda harafi yake tun kafin ya danna. Amma kada kewa ta sa ka sayi tsohuwar BlackBerry don aikin rubutu. Kamfanin ya rufe hidimomin tsofaffin wayoyinsa masu tsarin BlackBerry 10 da na gabaninsa ranar 4 ga Janairun 2022. KEY2 ta 2018, wadda kamfanin TCL ya ƙera, a kan Android 8.1 ta tsaya, babu sabunta tsaro, manhajoji kuma suna ta janye hannu daga tsofaffin tsare-tsare. Masu ƙera irin wannan waya a yau ƙananan kamfanoni ne, kamar Unihertz mai jerin Titan tun 2019. Akwai kuma Clicks, rigar waya mai maɓallai a ƙasa, da ta fito a 2024.

Irin waɗannan suna da ranarsu. Idan yawancin rubutunka a tsaye kake yi, ko cikin mota, kana kama tunani kafin ya gudu, za su yi maka amfani. Amma har yanzu manyan yatsu biyu ne ke aikin, kuma sikirinsu yakan zama ƙarami saboda an ba maɓallai wuri.

Hanya ta biyu ita nake ba da shawara ga duk mai dogon rubutu: ka riƙe wayar da kake da ita, ka nemo kibod daban da za ka ɗora yatsu goma a kai. In wayar ta tsufa ka canza ta, kibod yana nan. Sauran bayanin a kan wannan hanya ya fi karkata, ko da yake matakan haruffa da na adana aiki sun shafi kowa.

Mataki na 2: Zaɓen kibod

Abu na farko da za ka duba shi ne girman maɓallai. A cikakken kibod, daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 19 ne. Ƙananan da ake yi don tafiya sukan rage wannan tazara, kuma da ta ragu sosai sai yatsu su riƙa cin karo, ka nufi harafi ɗaya ka danna biyu. In da hali ka ɗora hannu a kai kafin ka saya, ka buga jimla guda cikakkiya da waƙafi da aya da alamar tambaya. Masu naɗewa suna da daɗin ɗauka, amma ka lura da wurin gaɓar: wasu sukan raba maɓallan tsakiya ko su tsawaita wasu haruffa, kuma yawancinsu ba sa zama a cinya, sai a kan tebur.

Sai ka duba maɓallai uku da masu ƙera ƙananan kibod suka fi yi wa ƙwange. Kibiyoyi huɗu na sama da ƙasa da hagu da dama su kasance a zahiri, ba sai an haɗa da Fn ba, wato maɓallin da ke ba sauran maɓallai aiki na biyu, domin da su ake gyaran rubutu. Shift na dama kada ya zama ɗan mitsitsi. Maɓallin hamza kuma, wato alamar da ke cikin ma'ana da sa'a da 'ya'ya, ya kasance a wurinsa kusa da Enter. Mai rubutun Hausa yana danna shi sau da yawa a kowane shafi, in an ɓoye shi bayan Fn to kullum sai ka yi tuntuɓe.

Batir iri biyu ne: masu caji da igiya, da masu ɗaukar ƙananan batura. Logitech K380, alal misali, batir AAA biyu yake ɗauka, yana kuma tuna na'ura uku da ake sauyawa da maɓalli. Masu fitila a ƙarƙashin haruffa suna taimakawa cikin duhu amma suna shan caji da wuri. In kana rubutu kusa da masu barci ko a ɗakin karatu, ka guji masu ƙara. Tsarin haruffa kuma ka zaɓi wanda hannunka ya saba da shi, QWERTY ko AZERTY na masu Faransanci.

Kada ka manta da majinginin waya. Wasu kibod suna da rami a sama da ake tsayar da waya a ciki, wanda ba shi da shi sai ka nemi ɗan majingini daban.

Mataki na 3: Haɗawa

Ta Bluetooth, ga yadda ake yi. Ka cika cajin kibod ɗin, ka kunna shi, ka danne maɓallin haɗawa na daƙiƙa uku zuwa biyar har fitilarsa ta fara ƙyaftawa da sauri. Ƙyaftawar ita ce alamar yana neman na'ura. Ka shiga Settings a wayar, ka buɗe Bluetooth, a Android ka taɓa Pair new device, a iPhone kuma ka jira sunan ya fito a ƙasan jeri. Ka taɓa sunan. Wani lokaci waya za ta nuna lamba, galibi guda shida. A kan kibod ɗin za ka buga wannan lamba, sannan ka danna Enter, ko da ba ka ga komai yana fitowa a sikirin ba. Mutane da yawa a nan suke tsayawa suna jiran wani abu ya bayyana, har lokacin ya ƙare. Da an haɗu sau ɗaya, gobe kunnawa kawai za ka yi.

Ta igiya kuma, kowane kibod na kwamfuta mai USB zai iya aiki da waya ta hanyar abin da ake kira OTG. Adafta ce 'yar ƙarama: gefe ɗaya ya shiga ramin cajin wayarka, USB-C ko micro-USB, ɗaya gefen ya karɓi kan igiyar kibod. A yawancin wayoyi da ka soka ya fara aiki. A wasu kuwa, kamar na Oppo da Realme da OnePlus, sai ka nemi OTG a cikin Settings ka kunna, kuma yakan kashe kansa in aka yi minti goma ba a yi amfani da shi ba. iPhone 15 ta 2023 da waɗanda suka biyo ta USB-C ne da su, na baya kuma sai da adaftar Lightning zuwa USB. Igiya ba ta da jinkiri, ba ta da batun batir, amma wayar ce ke ba kibod wuta, kuma ya toshe ramin caji. In zamanka mai tsawo ne, ka nemi adafta mai rami biyu da ke barin caja ta shiga a lokaci guda.

Kibod mara igiya mai ɗan kan USB da ake sokawa shi ma yana aiki ta OTG. Sai dai a 2016 kamfanin tsaro na Bastille ya nuna cewa wasu masu araha na wannan nau'i suna aika abin da ake bugawa ba tare da ɓoyewa ba, wanda ke kusa da kayan aiki zai iya kamawa. Ba zan buga kalmar sirri a kan irin wannan ba.

Mataki na 4: Saitin da ke hana ciwon kai

Bayan haɗawa, ka buga Physical keyboard a wurin bincike na Settings a Android, zai kai ka wurin kai tsaye, domin kowane kamfani da inda yake ajiye shi. A Samsung yana ƙarƙashin General management. A iPhone ka bi General, Keyboard, sannan Hardware Keyboard, wanda ba ya bayyana sai kibod yana haɗe.

Ka fara da tsarin haruffa. Waya ba ta ganin abin da aka zana a kan maɓallai, tsarin da aka zaɓa mata take bi. Gwaji mai sauƙi: danna Shift da 2. A tsarin Amurka alamar @ za ta fito, a na Ingila kuma alamar zance. In abin da ya fito ya saɓa wa abin da ke kan maɓallin, ka canza tsarin.

Akwai tarko ɗaya da ya fi kama masu Hausa. Cikin jerin za ka ga tsarin Amurka mai ɗauke da kalmar International. Kada ka zaɓe shi. A wannan tsari maɓallin hamza ba ya fitar da komai nan take, jira yake ka danna wasali ya ɗora masa alama a ka, don masu rubuta Sifaniyanci da makamantansa. Sai ka buga sa'a ka ga saá, ka buga ma'ana ka ga maána. Tsarin Amurka zalla ka zaɓa.

Sai gyaran da waya ke yi da kanta. In harshen da aka sa mata Ingilishi ne, za ta yi ta mayar maka da kalmomin Hausa na Turanci, kai kuma idonka yana kan jimla ta gaba ba ka lura ba. Ka kashe Auto-correction na kibod na zahiri, domin a iPhone da wayoyi da dama saitinsa daban yake da na kan sikirin. Ni har Auto-capitalization nakan kashe, tunda ga Shift a ƙarƙashin yatsa. A iPhone ka kashe Smart Punctuation: idan hamza ta zo a farkon kalma, kamar a 'ya ko 'yanci, yakan ɗauka buɗe zance kake yi, ya juya alamar ta fuskanci wani gefe.

Mataki na 5: Ɓ, ɗ da ƙ

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma ka warware shi tun ranar farko. A kibod na kan sikirin, Gboard, kibod ɗin Google, yana da Hausa, Apple ma ta ƙara Hausa a iOS 17 na 2023, haruffa masu lanƙwasa suna kusa. Da ka haɗa kibod na zahiri sai su ɓace, domin babu maɓallinsu. Abin da yawanci ke biyo baya shi ne mutum ya haƙura ya rubuta b da d da k zalla, ya bar mai karatu da aikin rarrabe baki da baƙi. A saƙon hira za a iya kau da kai. A rubutun da za a wallafa bai kamata ba, kuma akwai mafita har uku.

Mafita ta farko ta masu Android ce: manhajar Keyman, wadda ƙungiyar SIL ke kula da ita, kyauta. Ka sauke ta, ka nemi Hausa cikin jerin harsuna, ka sauke ɗaya daga tsare-tsaren da ke akwai, sannan ka kunna Keyman a Settings ka mai da shi kibod ɗin da waya ke amfani da shi. Keyman yana karɓar abin da ka danna a kibod na zahiri ya juya shi bisa ƙa'idar tsarin da ka zaɓa. Kowane tsari yana da shafin taimako da ke nuna maɓallan da ke fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ka karanta shi, ka rubuta a takarda ka ajiye gabanka har hannu ya haddace. Wannan ba ya yiwuwa a iPhone, domin Apple ba ta barin manhajojin kibod na wasu kamfanoni su karɓi abin da ake bugawa a kibod na zahiri.

Mafita ta biyu tana aiki a kowace waya, kuma ita na fi so don daftarin farko saboda ba ta katse gudu. Rubutun Hausa ba ya amfani da q, x da v. Sai ka ara su: q a madadin ƙ, x a madadin ɗ, v a madadin ɓ. Masu buga Hausa a kwamfuta sun daɗe da sanin wannan dabara tun zamanin tsofaffin font, wato salon zanen haruffa. Za ka rubuta "Qaramin yaro ya xauki vawon gyaxa", in ka gama babi sai ka buɗe wurin nema da musanyawa, Find and replace, ka yi musanya shida: manyan Q, X, V zuwa Ƙ, Ɗ, Ɓ, sannan ƙananan. Ka ajiye haruffan shida a wani ɗan rubutu daban da za ka riƙa kwafowa.

Sharuɗɗa uku ne da ita. Ka kunna zaɓin da ke bambance babban harafi da ƙarami, Match case, in ba haka ba duk Ƙ na farkon jimla zai koma ƙarami. Ba kowace manhaja ke da shi a waya ba, don haka ka gwada da layi ɗaya tukuna. Ka kula da sunayen waje: Qatar zai koma Ƙatar, Vietnam ya koma Ɓietnam, adireshin intanet mai v ko x kuma ya lalace. In suna da yawa, ka bar gurbinsu ka cike bayan musanya. Sannan ka kwafi fayil ɗin kafin ka danna musanya duka. Kada kuma ka yi amfani da b', d', k' a matsayin madadi, domin hamza tana zuwa bayan baƙi a kalmomi na gaske, musanya za ta ɓata su. Abu na ƙarshe, q da x da v na ɗakin aiki ne kawai. Kada su fita zuwa ga mai karatu: wanda ya nemi "ƙasa" a intanet ba zai sami "qasa" ba, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma za ta rikice.

Mafita ta uku ta gajeren rubutu ce. A Android, cikin shafin Physical keyboard, akwai zaɓin barin kibod na kan sikirin ya ci gaba da fitowa, sai ka miƙa yatsa ka taɓa harafin in ka zo kansa. Yana aiki, amma ya sake cinye rabin sikirin da muke ƙoƙarin ƙwatowa. A iPhone, Text Replacement yana taimakawa da kalmomin da ka fi maimaitawa: ka sa qasa ta koma ƙasa, xaya ta koma ɗaya. Kalma-kalma yake aiki, don haka ba zai wadatar da littafi ba.

Shi kuwa ƴ, a rubutun Najeriya 'y ake yi, a Nijar ake amfani da mai lanƙwasar, sai ka bi ƙa'idar waɗanda kake rubuta wa. In kuma ka ga haruffan sun fito kamar akwati, ko sun bambanta da 'yan uwansu a siffa, laifin font ne: Noto Sans, Andika da Charis SIL duk suna da su.

Mataki na 6: Inda za ka rubuta da inda za ka adana

Kada ka yi dogon daftari a cikin WhatsApp ko akwatin rubutu na Facebook. Da kibod na zahiri, Enter yakan aika saƙo nan take, rabin tunani ya tafi ga jama'a. Shift da Enter ne ke sauka sabon layi. Manhaja kuma in ta rufe, abin da ka rubuta ya tafi.

Google Docs da Microsoft Word sun dace da aikin da za a miƙa wa edita ko malami. A Docs ka kunna Available offline a kan fayil ɗin don ya buɗe ko babu intanet, ka kuma kashe Print layout don rubutu ya daidaita da faɗin waya. Google Keep na gajerun bayanai ne, kowane rubutu a cikinsa yana tsayawa a kusan haruffa 20,000. Don daftari na fi son manhajojin rubutu zalla, kamar Markor a Android ko Obsidian a duka biyun. Fayil ɗinsu ƙarami ne, ba ya nauyi ko a tsohuwar waya, kuma kowace kwamfuta za ta buɗe shi. Suna amfani da Markdown, tsarin da John Gruber ya fitar a 2004: alamar # a farkon layi ta mai da shi kanu, tauraro biyu a kowane gefen kalma su kaurara ta, hannu bai bar kibod ba.

Ka raba dogon aiki babi-babi, kowanne da fayil ɗinsa. Waya abu ce da ke faɗuwa, ta ɓace, a sace ta, don haka aikin ya kasance a wuri biyu koyaushe. Ko dai manhajar tana kwafa zuwa ma'ajiyar intanet, ka kuma tabbatar da idonka cewa ta kwafa, ko ka aika wa kanka fayil ɗin ta imel a ƙarshen kowane zama da kwanan wata a sunansa.

Mataki na 7: Gajerun hanyoyi

Duk lokacin da ka ɗaga hannu ka taɓa sikirin, ka rasa wani abu daga ribar kibod. A Android, Ctrl da C kwafa, Ctrl da X yankewa, Ctrl da V mannawa, Ctrl da Z janye abin da ka yi, Ctrl da A zaɓen duka, Ctrl da F nema. A iPhone Cmd ne ke madadin Ctrl, kuma in kibod ɗin na Windows ne, maɓalli mai tambarin Windows shi ne Cmd, Alt kuma Option.

Waɗanda suka fi canza aikin gyara su ne na kibiya. Ctrl da kibiya a Android, ko Option da kibiya a iPhone, yana tsallake kalma guda maimakon harafi. Ka ƙara Shift a kai, sai ya riƙa zaɓen kalmomin da ya wuce. Da wannan za ka ɗauke jimla daga tsakiyar sakin layi ka kai ta ƙarshe cikin daƙiƙa kaɗan, aikin da ke cin rai in da yatsa ake jan waɗannan 'yan ɗigon masu zamewa. A Android, Alt da Tab yana sauya manhaja, wanda ke da amfani in kana duba bayani a wani wuri, maɓallin Windows da alamar / kuma yana nuna jerin gajerun hanyoyin da wayar ta sani. Ctrl da Space yana sauya harshe a yawancin wayoyi. Ka riƙe wannan, domin in haruffa suka rikice ba gaira ba dalili, sau da yawa shi ka danna ba ka sani ba.

Mataki na 8: Zama da yatsu

Tunda kibod da waya a rabe suke, ka yi amfani da wannan. Ka ɗaga wayar a kan littattafai ko majingini mai tsawo har saman ta ya kusa daidai da idonka, kibod kuma ya zauna inda gwiwar hannu ta lanƙwashe daidai, wuyan hannu a miƙe. Ka ƙara girman haruffa a manhajar har ka iya karantawa bayanka na jingine. In kana sunkuyowa, haruffan sun yi ƙanana. Tsayar da waya a tsaye yana ba da layuka da yawa, kwantar da ita yana ba da dogayen layuka kaɗan. Don rubutun zube na fi son a tsaye. Ka tsawaita lokacin da sikirin ke ɗauka kafin ya mutu zuwa minti biyar ko goma, saboda tunani yana buƙatar shiru. Likitocin ido suna ba da shawarar duk minti 20 ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20.

Ka kunna Do Not Disturb. Na'urar da kake rubutu a kanta ita ce dai wadda kowa ke nemanka ta cikinta, kuma sanarwa ɗaya ta isa ta raba ka da sakin layi. Za ka iya ware lambobin da kiransu zai shigo.

In ba ka iya bugawa da yatsu goma ba, ka shafa F da J, za ka ji ɗan tudu a kan kowanne. Nan manuniyar hagu da ta dama ke zama, sauran yatsu su jeru a A, S, D da K, L da maɓallin da ke bin L, manyan yatsu a kan Space. Makon farko gudunka zai ragu ƙasa da na kan sikirin, har ka ji kamar ka koma. Ka daure da minti goma sha biyar na atisaye kullum, kana kwafar rubutun Hausa, ido a kan waya.

In abu ya ƙi

Harafin farko yana ɓacewa bayan ka yi shiru: kibod ya yi barci don tattalin batir. Ka danna Shift ka jira daƙiƙa biyu kafin ka ci gaba. Harafi yana maimaita kansa ko yana zuwa a makare: yawanci batir ne ya yi ƙasa, ko kuma cunkoso, domin Bluetooth da Wi-Fi suna raba zangon 2.4 GHz, ka yi caji, ka cire abin sauraro na Bluetooth ka gani, ka kashe yanayin tattalin batir na wayar. Ya ƙi haɗuwa sam: mai yiwuwa ya kama wata na'ura da ya sani a kusa, ka kashe Bluetooth ɗinta, ko ka goge sunansa daga wayar da Forget ka sake haɗawa daga farko. Ta igiya bai motsa ba: ka duba ko OTG ya kashe kansa, ka kuma gwada wata adaftar, domin su ne suka fi saurin lalacewa.

Akwai kuma wanda ke tsorata mutane. Ka tashi daga aiki, ka zo amsa saƙo, ka taɓa wurin rubutu, kibod na kan sikirin ya ƙi fitowa. Wayar lafiyarta ƙalau. Kibod ɗin da ke cikin jakarka ne har yanzu a haɗe, tunda Bluetooth yana kaiwa kusan mita 10, wayar kuma tana jiran ka buga a can. Ka kashe shi da maɓallinsa duk lokacin da ka gama, hakan kuma zai hana wani abu a jaka ya danne maɓallai ya yi ta buga lambobin banza a wurin buɗe wayar har ta kulle kanta.